Ranar da Jikata Ta Zama Kyanwa a Cikin Shago

Wata Alhamis ina lissafin atamfa a shagona kusa da kasuwar Kejetia a Kumasi, sai jikata 'yar shekara 4 ta durƙusa, ta dafa ƙasa, ta tura gadon bayanta sama tana kukan kyanwa. Na ce, "Ke, lafiya?" Ta ce, "Kaka, yoga ce. Anti ta koya mana a makaranta." Da labarin ya isa gida, Hajiya ta ce atafau a cire yarinyar, kar a koya mata addinin wasu.

Tsoronta ba na banza ba ne. Asalin yoga daga Indiya take, kuma tana da alaƙa da ibadar Hindu: akwai kalmomin da ake rerawa, akwai jerin motsi da ake kira gaisuwar rana. A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga saboda irin waɗannan. A 2009 malaman Indonesiya suka hana mai rera kalmomin ibada, amma suka bar wadda motsa jiki ce zalla.

Don haka na je makarantar da kaina, na zauna na kalla. Ba rerawa, ba gaida rana. Yara ne a kan tabarma suna kwaikwayon dabbobi: maciji ya ɗago ƙirji, kwaɗo ya yi tsalle, bishiya ta tsaya da ƙafa ɗaya. Sai na tuna langa da muka yi muna yara. Ai tsayuwa da ƙafa ɗaya ba baƙon abu ba ne wurin Bahaushe.

Bambancin shi ne mu mun tashi da fili da dandali. Jikokinmu a zango ɗaki ɗaya suke da shi, sai bayan kanta a shago, an miƙa musu waya don su yi shiru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro mai shekara 3 zuwa 4 yana bukatar motsi na aƙalla minti 180 a yini, kuma kallon allo kar ya wuce awa 1. Kowa ya auna gidansa da wannan.

Yanzu muna yi a gida, minti 10 kafin karin kumallo. Ga abin da na koya. A shimfiɗa tabarma, a cire takalmi. A ba kowane motsi suna, a ɗaura shi a kan labari, don yaro ba ya jure umarni amma yana bin tatsuniya. Wajen numfashi, sai na ce ta shaƙi ƙamshin turare, sannan ta hura koko mai zafi a hankali. Kar a danna yaro ko a ja masa gaɓa, kar a bar shi ya tsaya da ka, kar a yi da cikakken ciki. In ya gaji, a ƙyale shi.

Shawarata ga 'yan'uwa fatake: kar ka yanke hukunci daga jin suna. Je ka gani da idonka, ka tambayi malamar me ake faɗa a lokacin darasin. In akwai rera kalmomin ibada, ka nemi a ware ɗanka, ka koya masa langa da tsallen igiya. Hajiya dai ta sauko. Jiya ma na same ta tana ƙirga wa yarinyar daƙiƙa nawa bishiya za ta yi ba ta faɗi ba.