Ko Kun Sani? Yadda Faifan Sola Ya Sauko Daga Sararin Samaniya Zuwa Rufin Koki

Faifan sola da ake gani yau a saman gidajen unguwar Koki da shagunan kusa da Kasuwar Kurmi ya fara samun karɓuwa ne a sararin samaniya. A 1954 masana na Bell Labs a Amurka suka ƙera na siliki na farko mai amfani, wanda ke mayar da kusan kashi 6 cikin ɗari na hasken rana zuwa lantarki. A 1958 aka ɗora shi a tauraron ɗan'adam Vanguard 1. Tsadarsa kuwa sai gwamnatoci: a 1977 wat ɗaya ya kai kusan dala 76.

Abin da ya karya farashin shi ne yawan ƙerawa, musamman a masana'antun China, inda ake yin sama da kashi 80 cikin ɗari na fayafayan duniya. Yanzu wat ɗaya bai kai rabin dala ba. Shi ya sa Jami'ar Bayero ta samu tasharta ta wutar sola a 2019, kuma tun da aka cire tallafin fetur a 2023 tela ke auna kuɗin man janareto da na sola. Wani zai ce ƙurar hunturu tana dakushe faifan, kuma kayan na saurin mutuwa. Ƙurar gaskiya ce, amma tsumma da ruwa sun ishe ta. Abin da ke mutuwa galibi batiri ne, faifai mai kyau kuwa yakan yi shekara 25. Mai shirin saye, ka fi sa ido a kan batirin.