Maiƙon jini na gado: Ina aka kwana a gwajin sababbin magunguna?

Mutum na iya rage cin mai, ya riƙa motsa jiki, ya kuma sha maganin rage kolesterol kamar yadda likita ya umarta, amma duk da haka bugun zuciya ya same shi. Ɗaya daga cikin dalilan hakan shi ne wani nau'in maiƙo a cikin jini da likitoci ke kira Lp(a), wanda masanin ƙasar Norway, Kåre Berg, ya gano a shekarar 1963.

Hanta ce ke sarrafa wannan maiƙo, kuma yawansa a jikin mutum gado ne daga iyaye. Idan ya yi yawa, yakan taimaka wajen toshe jijiyoyin jini, lamarin da ke jawo bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. An ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar a duniya na da shi fiye da kima, kuma 'yan asalin Afirka sun fi Turawa yawansa. Magungunan statin da aka saba bayarwa ba sa rage shi, haka ma sauya abinci.

Wannan giɓi ne kamfanonin magunguna ke ƙoƙarin cikewa. Allurar olpasiran ta kamfanin Amgen da lepodisiran ta Eli Lilly suna katse saƙon da ke umartar hanta ta samar da shi. A gwaje-gwajen matakin tsakiya, kowacce ta rage shi da fiye da kashi 90 cikin 100. Akwai kuma muvalaplin, wanda ƙwaya ce ta haɗiya.

Sai dai raguwar adadi a takardar gwajin jini daban, tsira da rai daban. A watan Disambar 2006 kamfanin Pfizer ya dakatar da gwajin torcetrapib, maganin da ya ƙara kolesterol mai amfani sosai, bayan an ga mace-mace sun ƙaru cikin masu shansa. Shi ya sa aka shirya manyan gwaje-gwaje, kamar na allurar pelacarsen da ya ƙunshi masu ciwon zuciya sama da 8,000, domin a ƙirga waɗanda maganin ya kare a zahiri.

Likitoci na shawartar wanda danginsa ke kamuwa da ciwon zuciya tun da ƙuruciya ya auna Lp(a) ko da sau ɗaya ne a rayuwa. Idan ya yi yawa, sai a ƙara matsa ƙaimi kan abin da ake da maganinsa a hannu: hawan jini, ciwon suga, kolesterol da barin shan taba.