Teburin sinuka da ake cin abinci a kansa

Wannan tebur aiki biyu yake yi. Lokacin cin abinci a jera faranti a kansa. In an gama a ɗage allunan katako biyu ko uku da suka rufe shi, sai ga koriyar shimfiɗa da ramuka shida. A farkon ƙarni na 20 kamfanin Riley na Ingila ya riƙa sayar da irinsa ga masu ƙananan gidaje, kuma har yau ana ƙera shi a Faransa.

Cikakken teburin sinuka tsawonsa ƙafa 12 ne, shi kuwa wannan ƙafa 6 ko 7. Sai dai sandar bugu ta kai santimita 145, don haka dole a bar filin mita ɗaya da rabi ta kowane gefe, in ba haka ba gindin sanda ya riƙa dukan bango. Mai ƙafa 7 na buƙatar ɗaki kusan mita 5 da mita 4.

Masu inganci faffaɗan dutse ne a ƙarƙashin ƙyallen, shi ya sa ƙwallo ke tafiya daidai, amma ɗaukarsa sai mutane da yawa. Miya ko ruwa in ya zurara ta tsakanin alluna, ƙyallen ya ɓaci.

A garuruwa irin su Gazawa, Agiye da Gidan Rumji kuwa, galibi kan tabarma ake cin tuwo, saboda haka teburin zai fi amfani a fadar samari ko rumfar mai shayi. A can murfin zai kuma tare ƙurar hunturu.