Gwani a Ƙasa, Ɗan Koyo a Sama: Abin da Lissafi Ya Ce Kan 'Yan Besbol Masu "A Huɗu"

A watan Agustan 2015, Mike Hessman ya buga hom-ron ɗinsa na 433 a ƙananan gasannin besbol na Amurka. Hom-ron shi ne bugun da ke tsallakar da ƙwallo bayan katangar fili. Da wannan bugun ya karya tarihin Buzz Arlett mai 432. Amma a babbar gasa, wato MLB, wasa 109 kacal ya buga duk rayuwarsa.

MLB na da ƙungiyoyi 30, kuma tun 2021 kowacce na da ƙananan ƙungiyoyi huɗu a matakai daban-daban, mafi girmansu AAA. Irin su Hessman, masu kallo kan yi musu ba'a da sunan "AAAA", matakin da babu shi: sun fi ƙarfin ƙasa, sama kuma ta gagare su.

Bayanin da aka saba ji shi ne na lokaci. Tsakanin mai jifa da mai bugu mita 18.44 ne, ƙwallon da aka jefo da gudun kilomita 153 a awa kuwa tana isowa cikin kusan kashi 4 cikin 10 na daƙiƙa. A sama masu jifa sun fi sauri, sun fi iya lanƙwasa ƙwallo, kuma da bidiyo suke gano inda mai bugu yake da rauni. Wannan gaskiya ne, amma ni abin da ya fi damuna shi ne awon kansa.

Duba lissafin. Hessman ya samu damar bugu sau 223 a MLB, ya dace sau 42, kusan 19 cikin 100. Matsakaicin ɗan wasa a can yakan samu 24 zuwa 25. To amma gwaji 223 ya yi kaɗan. Idan ka saka shi a lissafin kuskuren awo da muke yi wa kowane samfuri, ainihin iyawarsa na iya faɗawa ko'ina tsakanin 14 da 24. Ka ga ke nan ba mu san ko bai iya ba ne, ko sa'a ce ta ƙi. Kuma damar nan ba a jere ya same ta ba, gutsi-gutsi ce a kakar wasa biyar, tsakanin 2003 da 2010. Duk da haka ya buga hom-ron 14, wato ɗaya cikin kowane 16. Ai wannan ba aikin ɗan koyo ba ne.

Nelson Cruz ma an taɓa liƙa masa wannan suna. A 2008 Texas Rangers ta saka shi a jerin waɗanda kowace ƙungiya za ta iya ɗauka, babu wadda ta ɗauka, ya koma AAA. Da aka sake ba shi dama, aka bar shi ya yi ta bugawa, ya yi ritaya da hom-ron 464 a MLB.

Kada ka ɗauka maganar suna ce kawai. A 2023 mafi ƙarancin albashi a MLB dala 720,000 ne a shekara, a AAA kuwa dala 35,800, shi ma bayan 'yan wasan sun shiga ƙungiyar ƙwadago an ɗaga shi daga 17,500. Sau da yawa makonni biyu ko uku na rashin dace ne ke mayar da mutum kan ƙaramin albashin.