Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne: Neman Kayan Gyaran Tsohon Keke

A gidaje da yawa na ƙasar Hausa akan iske wani tsohon keke jingine a zaure ko a ƙuryar ɗakin ajiya, tayoyinsa sun zagwanye, kacarsa ta yi tsatsa, amma hoton zalɓen da ke goshinsa yana nan daram. Wannan zalɓe shi ne tambarin kamfanin Raleigh na birnin Nottingham a Ingila, wanda kekunansa suka zama abin alfaharin akawu da malamin makaranta da malamin asibiti a zamanin da. Har a Kano an taɓa samun masana'antar da ke harhaɗa su. Sau da yawa irin wannan keke shi ne abin da mahaifi ya fara saya da albashinsa, saboda haka ɗan da ya gaje shi, ɗalibi ne ko ma'aikaci, yakan yi sha'awar ya tashe shi ya koma kan hanya.

Niyya ce mai kyau, kuma aikin bai fi ƙarfin ɗan koyo ba. Sai dai akwai rami a gaba. Yawancin tsofaffin kekunan da suka lalace a hannun masu son tashinsu, ba tsatsa ce ta kashe su ba. Kayan gyara ne da suka yi kama da na asali, aka tura su da ƙarfi inda ba wurinsu ba.

Sanin asalin keke

Abu na fari shi ne mai keke ya san wanda ya ƙera abin da ke hannunsa, da kuma lokacin. Sunan da ke jikin fenti bai wadatar ba, domin kuwa kamfanonin keke na Ingila sun yi ta haɗiye juna. Raleigh ya sayi Humber a 1932, da Rudge a 1943, da sashen kekuna na BSA a 1957. A 1960 kuma aka haɗa shi ƙarƙashin inuwa ɗaya da masu yin Phillips da Hercules, aikinsu ya koma Nottingham. Ma'anar wannan ita ce Phillips biyu suna iya tsayawa gefe da gefe, suna ɗaya, kamanni ɗaya, amma kayan wannan ba su shiga wancan, saboda ba a masana'anta ɗaya aka yi su ba.

Idan keken mai giya uku ne irin na Sturmey-Archer, to, an huta. A jikin tulun giyar da ke tsakiyar ƙafar baya akan buga shekara da wata. Wanda ya goge dattin wurin ya ga 72 da 5, ya san an yi giyar a watan Mayu na 1972, kuma keken ba zai yi nisa da wannan lokaci ba, muddin ba a taɓa sauya ƙafar ba.

Inda gizo ke saƙa

Babban tarkon yana cikin zaren ɗauri, watau tsagar nan da ke kewaye da noti da ƙusarsa. Ma'aunin da yawancin masu ƙera keke na Ingila suka bi, wanda kuma ya bazu a duniya, shi ne zare 24 a kowane inci, a gidan boris na feda da kuma wuyan keke. Raleigh kuwa ya riƙe nasa dabam a kekunan yau da kullum na Nottingham: zare 26 a inci. Ido ba ya raba su. Idan aka ɗauko kofin boris mai 24 aka sa a gidan mai 26, zai shiga zagaye biyu ko uku salin alin, sa'an nan ya cije. A nan ne ɗan koyo kan ce tsatsa ce, ya ɗauko babbar sifana ya danna. Kafin ya farga ya cinye zaren da ke jikin gangar keken, wadda ita ce kaɗai abin da ba a sayen madadinsa a kasuwa.

Har faɗin gidan ma ya bambanta. Na sauran kekuna milimita 68 ne, na Raleigh kuwa 71 ne ko 76, saboda haka sandar da ke ratsa shi ba ta zama daidai idan daga wani keke aka ciro ta. Ƙa'idar da ke kare mutum guda ɗaya ce: duk abin da ke da zare, da yatsu ake fara ɗaura shi. Idan ya ƙi tafiya da yatsu bayan an wanke shi da kananzir an shafa giris, to, ba nasa ba ne.

Akwai kuma wurare biyu da ɗaurinsu na hagu ne, watau ana kwance su ta inda aka saba ɗaurewa: fedar hagu, da kofin boris na gefen kaca. Mutane da yawa sun yi ta gumi suna ƙara tamke abin da suke nufin kwancewa. Notocin tsofaffin kekunan Ingila ma a kan inci aka yanka su, ba milimita ba, don haka sifanar zamani takan yi musu sako-sako ta murje kawunansu.

Lambar taya takan yi ruɗi

Sai batun taya, wanda ya fi kowanne cin kuɗin mutane a banza. Mai keke ya je kanti ya ce a ba shi lamba 28, a ba shi, ya dawo gida ta ƙi hawa. Dalili kuwa shi ne lamba 28 iri biyu ce. Ta babban keken nan mai birkin sanda, wadda ake rubutawa 28 x 1½, bakinta milimita 635 ne. Ɗayar kuwa, ta kekunan zamani, 622 ce. Bambancin milimita 13 ne kacal, amma babu dabarar da za ta sa ɗaya ta zauna a mazaunin ɗaya. Haka lamba 26: ta tsohon keken Ingila, 26 x 1⅜, milimita 590 ce, ta kekunan hawan dutse da suka cika kasuwar gwanjo kuwa 559 ce. Mafita ita ce a duba gefen tayar a nemi lambobi biyu da aka raba da ɗan layi, kamar 40-635. Ta biyun ita ce gaskiyar magana.

Ƙafar kanta tana da nata sharaɗi. Birkin sanda yana kama rim ne daga ciki, yana jan sa sama, ba daga gefe ba kamar birkin waya, saboda haka rim ɗin zamani ba ya yi masa aiki, kuma wannan batu ne na rai, ba na ado ba. Bugu da ƙari, tsofaffin kekunan Ingila suna da wayoyin ƙafa 32 a gaba da 40 a baya, alhali yawancin na baya-bayan nan 36 ne gaba da baya. Wanda zai sayi rim, sai ya ƙirga hudojin tukuna.

Ina za a samu?

An daina harhaɗa keke a masana'antar Nottingham a 2002, Sturmey-Archer kuma ya koma hannun kamfanin SunRace na Taiwan tun 2000. Duk da haka ƙofa ba ta rufe ba. Kekunan Indiya irin su Hero da Avon, da na Sin irin su Phoenix, an yi su ne a kan fasalin tsohon keken Ingila, don haka tayarsu da robar birkinsu da kacarsu mai faɗin ⅛ na inci sukan yi daidai. Ƙwayoyin boris ma ba su sauya ba: rubu'in inci a gidan feda, goma sha ɗaya a kowane gefe. Amma a kan abin da ke da zare, ba a yarda da kamanni sai an gwada.

Ga irin waɗannan, babu kamar mataccen keke ɗan gida ɗaya. Wanda gangarsa ta karye yana iya ba da kofuna da notoci da sandunan birki da za su rayar da wani. A nan ne tsofaffin masu gyaran keke na bakin kasuwa suke da rana. Gwangwanayen da suka tara shekara da shekaru sun ƙunshi abin da babu shi a sabon kanti, kuma hannunsu ya san bambancin da idon yaro bai gani ba. Matambayi ba ya ɓata, kuma da tsohuwar zuma ake magani.

Saboda haka kada ɗan koyo ya yar da kome, ko da ya ga ya mutu. Ya ɗauki hoton kowane sashe kafin ya kwance, ya zuba kayan kowane wuri a leda dabam, ya rubuta sunan wurin. In zai tafi kasuwa, ya tafi da tsohon a aljihu, ya ɗora shi a kan sabon, zare a kan zare. Sau da yawa ma zai tarar tsohon bai mutu ba. Wanka da kananzir da sabon giris kawai yake bukata, domin ƙarfen wancan zamani ba ya saurin gajiya.

Aikin yana iya cin watanni, wani noti guda ya tsayar da mutum mako uku. Amma keken da ya yi shekara hamsin yana jira a zaure ba zai ƙosa da mako uku ba. Abin da ba zai jure ba shi ne minti ɗaya na gaggawa da sifana a hannu.