Riƙon Ma'aikata: Abin Lura Daga Dilimi

Duk wanda ya bi ta Dilimi a birnin Jos da hantsi zai ga shagunan kayan gyaran motoci a jere, kowanne da maigida da yara biyu ko uku. Hajarsu kusan iri ɗaya ce, farashi ma bai cika bambanta ba. Amma wani shagon yakan riƙe yaro shekara da shekaru, wani kuwa kafin damina ta zagayo ya canja yara sau uku. Asarar da ke cikin wannan canje-canje ba ta fitowa a littafin ciniki. Sabon yaro bai san lambobin kaya ba, bai san makanikan da ake bai wa bashi ba, sai an koya masa komai daga farko.

Ƙasar Filato ta taɓa ganin iyakar abin da tilas ke iya samarwa. Haƙar kuza ce ta raya garin Jos tun farkon ƙarni na 20. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan Japan ta ƙwace Malaya, gwamnatin mulkin mallaka ta tilasta wa dubban manoman Arewa aikin haƙa daga 1942 zuwa 1944. Leburori sun ƙaru ƙwarai, amma kuzar da aka samu ba ta ƙaru daidai da yawansu ba. Sanyi da ƙarancin abinci da cuta suka hallaka wasu, da yawa suka gudu, daga bisani aka soke tsarin. Mai shago ba gwamnati ba ne, amma lissafin ɗaya ne: tsawa tana iya tsayar da mutum a wurin aiki, ba ta sa shi ya kula da dukiyar wani.

Saboda haka abu na farko ga manaja shi ne ya fayyace aiki da lada tun ranar ɗauka. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta 1974 ta wajabta bai wa ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa. Mafi yawan ƙananan 'yan kasuwarmu da baki suke ƙulla magana, kuma daga nan rigima ke tasowa, musamman kan sallama. Yaron da ya bar garinsu ya zo koyon kasuwanci yana ƙirga shekaru ne, yana jiran ranar da za a ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa. Idan ya ga an yi wa na gaba da shi ja-in-ja, to zai fara sallamar kansa da kansa daga aljihun teburin shago. Takarda guda mai shaidu biyu ta isa ta toshe wannan ƙofa.

Biyan albashi a kan kari ya fi alkawarin ƙari. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma Naira 70,000 a 2024, kuma ko da yake dokar ta keɓe masu ma'aikata ƙasa da 25, da wannan adadin yaro ke auna abin da ake ba shi.

Sai batun amana, inda a ganina masu gida suka fi kuskure. Wasu ba sa barin yaro ya yanke farashin ko da kusa guda sai an nemo su, ciniki ya tsaya duk sa'ad da suka tafi Legas ko Nnewi sarin kaya. Wasu kuma sukan sakar masa komai ba ƙidaya, sai ƙarshen shekara a tashi da zargi. Hanyar da ta fi ita ce a ba shi iyakar ragin da zai iya yi, a kuma ƙirga kaya tare da shi a rana sananniya kowane mako. Ƙidayar nan kariya ce ga mai gaskiya kafin ta zama tarko ga maras gaskiya.

Idan kuwa an sami kuskure, a jira abokin ciniki ya fita kafin a yi magana. Yaron da aka ci wa mutunci a gaban makanike, gobe ba zai iya karɓo bashi daga hannun wannan makaniken ba.