Kafin A Ɗora Wa Yaro Wuthering Heights

Duk farkon shekarar karatu iyaye kan karɓi takardar jerin littattafai daga makaranta, su nufi kasuwa su saya, ba safai wani ke tambayar wanda ya zaɓe su ba. Littattafan adabin Turanci na jarabawar kammala sakandare dai hukumar WAEC ce ke fitar da jerinsu. An kafa ta a 1952, ƙasashe biyar kuma ke tarayya a cikinta: Najeriya, Gana, Saliyo, Gambiya da Laberiya. Jerin kan yi shekara biyar kafin a sauya shi. Iyakar ikon malami a nan shi ne ya ɗauki ɗaya daga cikin biyun da aka ba shi a rukuni.

Mu dubi jerin 2021 zuwa 2025. A ɓangaren ƙagaggen labarin da ba na Afirka ba, ko dai Invisible Man na Ralph Ellison, kan rayuwar baƙar fata a Amurka, ko Wuthering Heights na Emily Brontë, wanda ya fito a 1847. Wannan na biyun labarin soyayya da ramuwar gayya ne a karkarar Yokshaya ta Ingila. Mutum biyu ke ba da labarin, ɗaya cikin bakin ɗaya. Uwa da 'yarta duk sunansu Catherine. Ga kuma wani tsohon bara da ke magana da karin harshen ƙauyensu, wanda ko Baturen Landan sai ya tsaya ya yi nazari. Yaron da bai taɓa karanta littafin Turanci daga bango zuwa bango ba, in ka miƙa masa wannan, me zai yi? Zai sayi ɗan littafin nan na taƙaitawa, ya haddace jigo da sunayen taurari, ya shiga ɗakin jarabawa bai buɗe ainihin littafin ba.

Ni ban ga laifin Brontë ba. Ɓarakar tun daga ƙaramar sakandare take farawa, inda zaɓin ke hannun ma'aikatun ilimi na jihohi da su kansu makarantu. A nan ne a wasu lokuta ake cusa littafi don marubucinsa ɗan gida ne, ko don akwai ɗan abin da ke shiga aljihu a kan kowane kwafi. Alhali shekarun nan su ne tsanin da yaro zai taka.

Kuma ba a rasa matakan ba. The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi, haifaffen Minna, ya fito a 1960: gajere ne, Turancinsa mai sauƙi, sunaye da garuruwan cikinsa namu ne. Abin sha'awa, shi ma ramuwar gayya ce ƙashin bayansa, don haka wanda ya bi Malam Iliya yana farautar abokin gabarsa ba zai ga Heathcliff, tauraron Wuthering Heights, a matsayin baƙo ba. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa yana da fassarar Turanci da Mervyn Hiskett ya yi a 1967. Yaro na iya ajiye na Hausa da na Turanci gefe da gefe. Sai The Stillborn na Zaynab Alkali, na 1984, labarin yarinyar ƙauye mai mafarkin birni, wanda 'yan mata da yawa za su ga kansu a ciki.

Saura batun aikin da ake ba yara, wanda makinsa ke shiga sakamakon zango. "Taƙaita babi na uku" ba aiki ba ne a zamanin wayar hannu. Mutum ɗaya zai samo amsa a intanet, aji ya kwafa. A ce wa yaro ya rubuta wasiƙa da bakin wani tauraro zuwa ga wani, ya kawo hujja da lambar shafi. Da ma wasiƙa da insha'i suna cikin abin da takardar Turanci ke tambaya, ka ga an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. A yi rubutun farko a cikin aji, gaban malami. Na san malami mai ɗalibi tamanin zai ce ina lokacin dubawa? Gaskiyarsa. To, ya ba da aiki ɗaya a mako biyu, ya duba shi da jan biro layi-layi, ya mayar a sake rubutawa.

Iyaye, a taron ku da malamai na gaba, ku tambayi wanda ya zaɓi littattafan da ke jerin da kuma dalilinsa. In dare ya yi kuma, ku ce yaron ya ba ku labarin babin da ya karanta yau, da Hausa.